Kyanwa mai ɗaga hannu da jan mutum marar ido: asalin 'yan tsanar sa'a na Japan

"Assalamu alaikum Malam. Ni 'yar kasuwa ce ina zuwa Guangzhou saro kaya, kusan duk shagon da na shiga sai na ga wata kyanwa a teburin mai karɓar kuɗi tana ɗaga hannu tana saukewa, ni duk a zatona abin 'yan Chaina ne sai ƙanena da yake karatu a Japan yace ai ta Japanawa ce. Shi kuma kwanan nan malaminsa ya bashi wani jan abu kamar ƙwallo mai gira da gemu amma babu ƙwayar ido, wai na sa'a ne. Don Allah menene asalin waɗannan abubuwa, me suke nufi, kuma bauta musu ake yi ko ado ne kawai?"

Wa alaikumus salam Hajiya. Ƙanenki gaskiya ya faɗa miki, kyanwar ta Japanawa ce sunanta maneki-neko, jan abin da aka bashi kuma shi ake kira daruma. In na fahimce ki abu uku kike son sani, daga ina suka fito, me zane da launin jikinsu suke nufi, sannan wane matsayi suke da shi a wurin masu su. Ni tarihin al'adun Asiya nake koyarwa kuma a Japan ɗin na yi wani ɓangare na karatuna, to zan riƙa ware miki abin da tarihi ya tabbatar daga abin da labarin kaka da kakanni ne, don a harkar nan su biyun a cakuɗe suke sosai.

Mutane in sun ji ance abin sa'a kuɗi ne yake fara zuwa musu a rai, kuma kyanwar nan ce ta jawo haka. Amma fa ita ce auta a gidan. Yayyenta duk tsoro ne ya haife su, tsoron ciwo da mutuwar ƙananan yara da yunwa, maganar ciniki daga baya ta shigo.

'Yar tsana mai ɗaukar wa mutum masifa

Tun da daɗewa Japanawa suna da wata al'ada ta tsarkake kai, a yanka takarda ko siririn itace a siffar mutum, suna ce masa hitogata. Mutum zai shafa shi a jikinsa ya hura masa numfashi, a fahimtarsu duk wani ciwo ko ƙazanta ko rashin sa'a da ke tare da shi ya koma jikin abin, sai a sake shi a kogi ruwa ya tafi da shi. Masu haƙar kayan tarihi sun tono na itace masu yawa a magudanan ruwan tsohon babban birnin Nara, na ƙarni na 8. Kuma abin bai mutu ba, har gobe wuraren ibadar Shinto, addinin gargajiyar Japan, suna yin sa sau biyu a shekara, 30 ga Yuni da 31 ga Disamba, mutum ya rubuta sunansa da shekarunsa a takardar ya miƙa.

Daga wannan tushen bikin 'yan mata na 3 ga Maris ya fito, Hinamatsuri, bayan ya haɗu da wasan 'yar tsana da 'ya'yan manya suke yi a fada. Gidan da akwai 'ya mace sai a kafa matakala a shimfiɗa jan ƙyalle a jera 'yan tsana, cikakken jere hawa bakwai ne da 'yan tsana 15, sarki da sarauniya a can sama, sai mata uku masu hidima, makaɗa biyar, fadawa manya biyu, barori uku, duk da shigar fadar Kyoto ta wani tsohon zamani da ake kira Heian. A al'ada iyayen uwa ne suke saya wa jikarsu, kuma ba ƙaramin kuɗi ake kashewa ba. Akwai camfin cewa in aka wuce ranar ba a kwashe jeren da wuri ba yarinyar zata jima bata yi aure ba. Masu shagunan 'yan tsanar zasu ce miki kowace yarinya sai an saya mata nata, ba a gado, tunda wai kowanne masifar mai shi ya ɗauka. Hujjar ta dace da asalin abin kam, amma ni in mai sayar da abu yace min ba a gadonsa sai na ɗan yi murmushi, kuma gidaje da yawa na uwa suke jera wa 'ya ba abin da ya dame su. A garin Mochigase na jihar Tottori har yanzu tsohon salon suke yi, 'yan tsanar takarda a kan faifan kara a sake su a kogi.

Ki riƙe wannan don shi ne mabuɗin sauran: 'yar tsana wakiliyar mutum ce, aiki aka bata, in ta gama a sallame ta.

Me yasa kusan duk jajaye ne

Ruwa baya tsami banza. Ciwon agana ya yi wa Japan ɓarna ba kaɗan ba, annobar 735 zuwa 737 kaɗai masana tarihi suna ƙiyasta ta kashe tsakanin kwata zuwa sulusin mutanen ƙasar, har 'yan'uwa huɗu na gidan Fujiwara da suke riƙe da mulki duk ta kwashe su a 737. Daga baya ciwon ya zauna daram ya zama ciwon yara, wanda ya tsira ma sau da yawa ya tashi da tabo ko makanta, kuma rigakafinsa bai kafu a ƙasar ba sai 1849 da ya shigo ta Nagasaki. Kin ga shekara sama da dubu kenan uwa bata da abin yi in ɗanta ya kwanta sai abin da aka gada. Abin da aka gada kuwa shi ne agana wani iska ne mai shiga gida, kuma jan launi yana da tasiri a kansa, wasu suce tsoronsa yake wasu suce sonsa yake sai ya lafa ya tafi salin alin. Shi yasa ake sa wa yaro marar lafiya jajayen kaya a kewaye shimfiɗarsa da jajayen kayan wasa.

Akabeko, jar saniyar nan ta yankin Aizu a Fukushima mai kaɗa kai in an taɓa ta, daga nan take, baƙaƙen ɗigon jikinta ana fassara su da tabon agana. Sarubobo na Hida a jihar Gifu shima ja ne, na ƙyalle ne bashi da fuska sam, kakanni mata suke ɗinka wa jikoki don kariya da fatan haihuwa lafiya. Daruma kuma shi ne babban yayansu.

Daruma

Sunan daga Bodhidharma ne, wani malamin addinin Buda da aka ce ya zo Chaina daga Indiya wajen ƙarni na 5 zuwa na 6, shi ake jingina wa kafa ɗariƙar da Japanawa suke kira Zen. Labari yace ya zauna shekara tara yana fuskantar bango a kusa da gidan ibadar Shaolin bai motsa ba har ƙafafunsa suka shanye, wani ƙaulin ma yace gyangyaɗi ya ɗauke shi sai ya fusata ya yanke fatar idonsa ya jefar, wai a wurin ganyen shayi ya tsiro. Wannan almara ce, amma ita ta bamu siffar, dunƙulallen jiki ba hannu ba ƙafa da idanu a zazzare, ja kuma launin mayafin da ake zana shi da shi. Sai aka haɗa siffar da wani tsohon abin wasan yara da ya shigo daga Chaina mai nauyi a gindi, in kin ture shi ya tashi ya zauna. Shi yasa ake danganta daruma da maganarsu ta nana korobi ya oki, wato a faɗi sau bakwai a tashi sau takwas. Ga ja, ga tashi bayan faɗuwa, to me uwar da ɗanta yake kwance da agana take nema da ya wuce wannan?

Cibiyar sana'ar ita ce Takasaki a jihar Gunma, ana yawan cewa kusan kashi 80 cikin 100 na darumar ƙasar daga can suke fitowa. A 1783 dutsen Asama ya yi aman wuta toka ta rufe gonaki, a tsakiyar babbar yunwar da suke kira ta Tenmei. Labarin da gidan ibadar Shorinzan yake bayarwa shi ne shugabansa na tara, Togaku, ya sassaƙa ma'aunin itace na fitar da siffar daruma ya koya wa manoman da ke kewaye su riƙa yin daruma da takarda suna sayarwa su samu na abinci. Wasu masu bincike na garin kuma suna cewa wani mutumin ƙauyen Toyooka ne ya koyo sana'ar a waje ya dawo da ita a farkon ƙarni na 19. Ko ma wanne ne, abu biyu suka riƙe sana'ar a can. Na farko busasshiyar iskar da ke kaɗawa a Gunma lokacin hunturu, tana busar da takarda da fenti da wuri kuma lokacin ba aikin gona. Na biyu kiwon tsutsar alharini, wanda shi ne arzikin yankin a da. Tsutsar tana yin lamo kamar mai barci sau huɗu kafin ta yi saƙa, duk lokacin da ta farka ta saɓule fata manomi yace ta tashi, in bata tashi da kyau ba shekarar ta lalace, to abin da baya kwanciya sai ya tashi ya zama abin da kowane gidan masu kiwon yake so ya ajiye.

Na shiga irin waɗannan gidajen sana'a a Takasaki, yanzu jikin da inji ake yi, a dama tsohuwar takarda a zuba a ma'auni a tsotse ruwan, a liƙa dunƙulen yumɓu a gindi, a shafa farin garin ɓawon kawa sannan a tsoma a jan fenti. Amma fuska har yau da hannu ake zanawa, kuma nan ake gane gwani. Ƙanenki ya duba nashi da kyau, in na Takasaki ne girar ba gira bace kawai, gauraka ce aka zana, gemun da sajen kuma kunkuru, don a wurinsu gauraka shekara dubu take yi kunkuru dubu goma, fatan tsawon rai kenan. A tumbinsa yawanci akan rubuta fukuiri, kalmar da ke nufin alheri ya shigo, a kafaɗu kuma da ruwan zinariya a rubuta buƙata, zaman lafiyar gida ko bunƙasar ciniki.

Sai maganar ido. Da gangan ake barinsa fari. Mai shi zai ƙudurta buƙatarsa ya zana ƙwayar ido ɗaya, galibi na hagun darumar, wato wanda yake damanki in kina kallonsa, ya ajiye shi inda zai riƙa gani kullum, ranar da buƙata ta biya ya cike ɗayan. Akwai bayanin da ake bayarwa cewa zamanin agana saboda tsoron makanta masu saye sun cika tsirfa a kan yadda aka zana idon, sai masu sayarwa suka gaji suka ce to kowa ya zana abinsa. Yana iya yiwuwa, amma ni na fi karkata ga cewa tushen ya fi haka zurfi, don a addinin Buda mutum-mutumi baya zama abin girmamawa sai an yi masa bikin buɗe ido. Ƙaton mutum-mutumin Buda na Nara, wanda sarki Shomu ya sa aka ƙera bayan waccan annobar, a 752 aka buɗe masa ido, wani malami ɗan Indiya mai suna Bodhisena ne ya riƙe alƙalamin ya zana. A kasuwar daruma ta Jindaiji da ake ci 3 da 4 ga Maris a gefen Tokyo ma malaman gidan ibadar ne suke sa wa mutum idon da kansu, kuma harafin Sanskrit, tsohon harshen Indiya, suke rubutawa a ciki.

'Yan siyasa sun rungumi abin, ɗan takara ya sayi ƙato ya zana ido ɗaya ranar fara kamfe, in ya ci a cike ɗayan gaban 'yan jarida. Abin ya ɗan ja baya tun da ƙungiyoyin masu larurar gani suka yi ƙorafin cewa ana nuna mai ido ɗaya a matsayin wanda bai cika ba, yanzu wasu fure suke liƙawa a jikin suna a madadinsa.

Wa'adin daruma shekara ɗaya ne. Buƙata ta biya ko bata biya ba, in shekara ta zagayo ana mayar da shi gidan ibada a tara su tuli guda a yi addu'o'insu a cinna wuta, a sayi sabo, wasu su sayi wanda ya ɗan fi na bara girma. A Shorinzan 6 da 7 ga Janairu ake cin kasuwar, dare guda cur mutane suna ta tururuwa cikin sanyi. Kin ga tunanin hitogata ne ya dawo, can ruwa nan wuta.

Kyanwar da kike gani a shaguna

Ita a birnin Edo aka haife ta, wato Tokyo ta yanzu, a ƙarshen zamanin sarakunan Tokugawa, lokacin da 'yan kasuwar birni suka yi ƙarfi. Shaida mafi tsufa da ake da ita ta 1852 ce, an rubuta labarin wata tsohuwa a Asakusa da talauci ya sa ta rabu da kyanwarta, kyanwar ta zo mata a mafarki tace ta gina siffarta da yumɓu ta sayar, ta yi hakan da yumɓun unguwar Imado mutane suka yi ta rububi. Ɗaya labarin da ya fi shahara na gidan ibadar Gotokuji ne a Setagaya, wai Ii Naotaka sarkin Hikone ya zo wucewa sai kyanwar gidan ta yafito shi, yana shiga aka kece da ruwa da tsawa, shi ne ya ɗauki nauyin gidan. Ii Naotaka mutum ne na tarihi, ya rasu a 1659 kuma kabarinsa yana nan a Gotokuji, kyanwar ce dai sai a labari. In ƙanenki ya je zai ga fararen kyanwoyi jibge a kan katako waɗanda mutane suka dawo da su, kuma ya lura na can basa riƙe da kuɗi, mutanen gidan suna cewa kyanwa damar haɗuwa da mutane take kawo maka, abin da zaka yi da ita kuma ya rage naka.

Turawa da yawa suna zaton bankwana take yi ko gaisuwa, mu kam ba sai an yi mana fassara ba, Japanawa yadda muke yafito mutum haka suke yi, tafin hannu yana kallon ƙasa ana lanƙwasa yatsu. Kira take yi. Hannun dama kuɗi yake kira, na hagu mutane wato kwastomomi, shi yasa gidajen abinci suka fi son ta hagu. Abin da ta rungume mai siffar ƙwai koban ne, tsohon kuɗin zinariya na zamanin Edo, kuma yawanci an rubuta ryo miliyan 10 a jiki (ryo sunan kuɗinsu ne na lokacin), adadin da ko a mafarki ɗan kasuwar lokacin bai taɓa riƙewa ba. Jan abin wuya da ƙararrawa kuwa haka masu hali suke yi wa kyanwoyinsu a da. Baƙa ta korar sharri ce, ja ta ciwo (kin ga ja ya sake dawowa), mai ruwan zinariya ta dukiya.

Siffar da kowa ya sani yanzu, ƙaton kai da manyan idanu da gajeren jiki, bayan yaƙin duniya na biyu ta fito daga garin masu ginin tukwane na Tokoname a jihar Aichi. Mai batir ko mai hasken rana da take kaɗa hannu ba tsayawa kuma sabuwar aba ce, 'yan kasuwar Chaina suka karɓe ta hannu bibbiyu suka cakuɗa ta da nasu camfe-camfen na dukiya, masana'antunsu suka riƙa buga ta da roba suna watsawa duniya, shi yasa ba ke kaɗai kike zaton tasu bace.

Akwai wasu da zan ratsa su da sauri. Kokeshi, na itace masu dogon jiki da kewayayyen kai ba hannu, masassaƙan arewacin ƙasar ne suka fara yinsu a ƙarni na 19 suna sayar wa masu zuwa wanka a maɓuɓɓugan ruwan zafi su kai wa yara tsaraba, na Naruko in kin murɗa kan ƙara yake yi. Zaki iya cin karo da rubutu a intanet cewa wai don tunawa da jariran da aka kashe lokacin yunwa ake yinsu, wannan bashi da hujja, sunan kokeshi ɗin ma da aka gina zancen a kansa sai 1940 aka daidaita shi, kafin nan kowane gari da abin da yake kiransu. Sai teru teru bozu, ɗan farin ƙyalle da yara suke ɗaure wa kai su rataye a taga don kada a yi ruwa gobe, da karen takarda da ake ba mai ciki saboda karya tana haihuwa da sauƙi.

Bauta ce ko ado

Ba zan ce miki ado ne zalla ba don ba gaskiya bane. Daruma siffar malamin addinin Buda ce, a gidajen ibada ake sayar da da yawa daga cikinsu, malamansu suna yi musu addu'a, wasu gidajen a kan ɗan dandamalin ibadar gida suke ɗora shi, kuma ba a jefa shi a shara kamar tsohon kwali. Ba kuma zan ce miki duk wanda ya ajiye bauta yake yi ba, yawancin waɗanda na zauna da su, ɗalibai da malaman jami'a, in kin tambaye su sai suce abin tuni ne, ido ɗayan nan yana hararar ka kullum har sai ka gama abin da ka ɗauko. Japanawa basa raba tsakanin al'ada da addini yadda muke rabawa, mutum ɗaya zai ce miki shi bashi da addini kuma ranar sabuwar shekara ki same shi a layin gidan ibada. Hukuncin musulmi ya ajiye irin wannan kuwa ba fagena bane, na malaman addini ne, amma in zaki tambaya ki kai musu bayanin duka, asalin da kuma yadda ake amfani da shi yau, kada a ce musu kayan wasa ne kawai kada kuma a ce musu gunki ne da ake yi wa sujada.

Shi malamin ƙanenki kusan tabbas ƙarfafa gwiwa yake nufi, kyauta ce da aka saba ba ɗalibi mai shirin jarrabawa ko rubutun kammala digiri. In ƙanen naki baya son ajiyewa kada dai ya jefa a kwandon sharar ofis inda za a gani, zai zama cin fuska, gara ya yi godiya ya faɗa wa malamin uzurinsa a hankali, suna da saurin fahimta in ance addini ne, ko ya ba abokin karatunsa Bajapane ya haɗa da nashi in zai mayar a farkon shekara. Kice ya turo miki hoton rubutun da ke tumbin darumar, in gokaku aka rubuta to na cin jarrabawa ne, in hissho ne na gasa ne ko takara, in fukuiri ne kuma gama-gari ne wanda ake ba kowa.